Mainasara Ya Ce Kada a Buɗe Injin

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, mai mota da mai gyaranta duka. Ranar Alhamis, 17 ga watan Nuwamba, 1994, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Mainasara bakanike a gidansa da ke bayan tsohuwar tasha a Yelwan Yauri, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe yana fama da shi ba. An yi masa sutura bayan azahar. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma na yi mamakin rashin nauyinta, don na san mutumin da ke ciki ya sha ɗaga giyar mota shi kaɗai.

Ba wanda ya kai shi koyon sana'a. Ba shi da uba bakanike, ba shi da ubangida. Lokacin da ruwan dam ya tashe su daga tungarsu ta bakin kogi, ya tsinci wani mataccen injin ban ruwa da ma'aikata suka yar a sabon matsuguni. Ya kwance shi da sifana guda da guntun ƙarfe, ya jera kayan cikinsa a kan tabarma, ya zauna yana kallonsu har ya gane abin da kowanne yake yi, ya mai da su, injin ya tashi. Daga nan ya koma kan injin jirgin ruwa, daga nan injin casar shinkafa, daga nan mota. Shi ya kafa rumfarsa da hannunsa. Shi ya ƙera ƙugiyar da ake ɗaga inji da ita a garejin Yelwa har yau. Ya koya wa kansa karanta lambobin da ke jikin ƙarfe alhali bai taɓa zama a aji ba. Ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ya yaye kanikawa da yawa, bai taɓa zuwa ƙofar kowa da hula a hannu ba.

Ni Yakubu da nake rubuta wannan ba mai saurin yabo ba ne, duk wanda ya yi hulɗa da ni ya sani. A aji uku na bar sakandare. Da keken haya na fara ɗauko busasshen kifi daga bakin ruwa zuwa kasuwa, ba kawu, ba gado, ba wanda ya dafa mini. Yau ina da kwale-kwale a Wara, ina da rumbun shinkafa a Shanga, na sauke farali, na kai Inna ita ma. Na faɗi wannan ne don a san wanda ke ba da shaida. Mutumin da ya tashi da kansa yana gane ɗan'uwansa tun daga nesa, kuma a duk ƙasar Yauri ban ga wanda na yarda hannunsa ya fi nawa sanin aikinsa ba sai Mainasara.

Malam, abin da ya bambanta ka da sauran ba ƙarfin hannu ba ne. Son sani ne. Kowane bakanike in ya cire abin da ya lalace jifa yake yi da shi bayan rumfa. Kai kuwa sai ka yanka shi biyu ka ga abin da ya kashe shi. A bangon rumfarka akwai katako da ka jera irin waɗannan gawarwaki, fulogi da aka tsaga, fistin da ya huje, bawul da ya ƙone gefe guda, kowanne ka san motar da ya fito da halin direbanta. Na taɓa ganin ka bar shayinka a kan benci, ka hau keke ka bi wata babbar mota roka har gangaren kasuwa, don kawai ka ji wani ƙara a cikinta da ba ka taɓa ji ba. Ka dawo kana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Direban bai san ka ba, bai kuma kira ka ba.

Ba ka iya wuce mota a buɗe a gefen hanya. Ranar ɗaurin auren 'yarka Aminatu, mutane suna jira a ƙofar gida, kai kana kwance ƙarƙashin a-kori-kurar wasu Kambari da suka ɗauko mara lafiya daga Ngaski, da farar rigarka. Ka iso wurin ɗaurin aure hannun rigar ya zama baƙi, liman ya dube ka ya girgiza kai, ka ce masa ai mutanen sun kama hanyar asibiti. Matan Shanga masu casar shinkafa sun san ka, Sarkawan bakin ruwa sun san ka. Wanda ke da abin sallama ya sallame ka, wanda ba shi da shi ka ce ya tafi, in injin ya sake yin wani abu ya zo ya ba ka labari. Labarin kake so.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar motata, don a kanta aka yi maka dariya a ƙarshen rayuwarka, kuma ni kaɗai ne na san labarin tun daga farko.

Fijo 404 ce, ruwan toka, tsohuwar ƙira. Na saye ta hannun wani ma'aikacin dam da zai koma garinsu, ita ce babban abu na farko da gumina ya saya mini. Tun daga kamfani ba a taɓa buɗe injinta ba, kuma tun da ta zo hannuna ba wanda ya taɓa sa mata sifana sai Mainasara. Yara suna ce mata tsohuwa. Na ji, amma sababbin da suka zo bayanta da yawa suna bayan gareji kaji na ƙwai a cikinsu.

Kowa ya tuna wahalar fetur ta daminar bana. Gidajen mai suka bushe, na ajiye motar a rumfar bayan gidana, ta yi tsakiyar damina duka ba ta motsa ba. Da harka ta matsa, na shiga motar haya zuwa Wara, na sami Gideon, wani mai sayar da mai a jarka a bakin ruwa, mutumin kirki da muka daɗe muna gaisawa. Na ce ya cika mini jarkoki, ya cika. Daga ranar duk zuwan da zan yi Wara wurinsa nake shan mai.

Abu biyu suka bayyana a lokaci guda. Motar ta fara fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, sannan ta fara shan baƙin mai kamar ana zuba shi a rami. In na cika shi a Yelwa, na je Wara na dawo, sai in zaro gejin auna mai in ga man ya sauko har ƙasa. Na kai ta gareji. Kafin Malam ya taso daga bencinsa, Idi ya riga shi magana. Idi shi ne babba a cikin waɗanda Mainasara ya yaye, yanzu yana da rumfarsa a gefe, hannunsa da sauri, kuma ba na ƙin faɗa, ya iya aiki.

"Alhaji, ringi ne," in ji Idi. "Ko daga masallaci na hango wanga hayaƙi na san ringi ne. Ta ci shekarunta. Kawo ta mu sauke injin."

Duk wanda ke wurin ya gyaɗa kai. Lissafin a fili yake. Mai yana ɓacewa, hayaƙi yana fita, ke nan ringin da ke zagaye da fistin ya saki, injin ƙona man yake yi. Ni kaina na yarda, raina dai ya ɓaci, don na san kayan da ake samu a kasuwa yanzu ba kamar waɗanda ta zo da su ba ne, kuma injin da aka buɗe sau ɗaya ya koyi hanyar gareji.

Mainasara ya taso. Ya sa na tada ta, ya tsuguna bayan salansa, ya ce in taka, in saki, in sake takawa. Ya daɗe a wurin har idanunsa suka yi ja. Daga baya ya yi mini bayanin abin da yake nema. Ya ce hayaƙin baƙin mai yana da lokacinsa. In ta saman bawul man ke tsiyaya, da safe motar za ta yi tari da shi in an tada ta, ko bayan an sauko gangare, sannan ya ɗauke. In ringi ne, sai an taka ta da ƙarfi yake tunkuɗowa. Wannan kuwa ba ruwansa da safe ko rana, ba ruwansa da taki ko saki, yana nan daidai wa daida kamar an auna. Ya kwance fulogi huɗun ya jera a tafin hannunsa, dukkansu baƙinsu iri ɗaya. Ya ce ringi ba sa haɗa baki su mutu rana guda. Sannan ya toshe kowane ramin fulogi da babban yatsansa, ya sa aka murza injin, kowanne ya ture yatsan da ƙarfi iri ɗaya.

Ya miƙe ya goge hannu ya ce, "Kada a buɗe injin nan."

Idi ya yi dariya. "To Baba, ina man ke zuwa? Aljanu ke sha?"

"Ban sani ba tukuna," in ji shi. "Shi ya sa ba za a buɗe ba."

Wannan amsa ita ta jawo masa. A gareji ba a son a ji babba ya ce bai sani ba. Ni kuwa ita ta sa na tsaya a bayansa, don a kasuwanci na koyi tsoron mutumin da ya san komai tun kafin ya kwance buhu.

Maganar hayaƙi ya fara warwarewa, kuma da hanci ya warware ta. Ya ce warin yana tuna masa wani wuri, ya kasa kama ko ina ne. Ran nan ya je bakin ruwa duba injin wani Basarke, jirgi ya tashi a gabansa, hayaƙin ya bugi fuskarsa. Ko aikin bai gama ba ya zo ya same ni a rumbu.

"Mai Kifi," haka yake kirana in yana cikin nishaɗi, "ina kake shan fetur?"

Na ce wurin Gideon a Wara.

"Ka ce mashi na mota ne?"

Na ce mene ne na faɗa, fetur ai fetur ne.

Ya cire tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya ɗura wa kafireto tsabtataccen fetur daga kwalba, muka tsaya muna kallon salansa. Hayaƙin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ashe injin jirgi ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa. Da wahalar mai ta zo, Gideon ya riƙa gaurayawa tun a duro don ya sauƙaƙa wa masunta. Ya ga Alhaji Yakubu mai kwale-kwale da jarkoki, wa zai ce masa ba jirgi za a kai ba? Da na koma na gaya masa, ya riƙe kai ya ce, "Alhaji, ai da ka ce na mota ne!" Ba laifinsa ba ne, ba kuma nawa ba. Duk wanda ke zaune tsakanin ruwa da titi zai iya faɗawa wannan.

Na ɗauka an gama. Malam ya ce a'a, yanzu ma aka fara. Hayaƙi ya tafi, amma geji bai daina sauka ba. Ke nan abu biyu ne daban suka haɗu a mota guda, kowa ya ɗaure su da igiya ɗaya. In ba ƙona man take yi ba, to zubar da shi take yi. Ya sa na share ƙasan rumfata na baza farin yashi, na ajiye ta a kai. Da safe ko ɗigo babu. Ya duba ruwan lagireto ko man na shiga can, ruwan garau. Na ga fuskarsa a ranar. Wani zai damu, shi kuwa daɗi yake ji. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa gamuwa da ɓarawon da ba ya barin sawu ba, yana son su gaisa.

Sai ya kawo dabarar toka. Ya wanke injin da kananzir sama da ƙasa, ya bar shi ya bushe a rana. Maiɗakinsa Dije ta tankaɗe masa tokar murhu a rariya, ya shiga ƙarƙashin motar yana hura ta a jikin ƙarfe har komai ya yi fari fat. Muka hau hanyar Shanga, ya ce in ba ta wuta kamar yadda nake yi in ni kaɗai ne. Da muka tsaya ya shimfiɗa tabarma ya shige. Na ji muryarsa daga ƙasa yana cewa, "Ga ka nan! Ga ka nan, ɗan banza!" Wani baƙin layi ne ya tsaga tokar daga bayan injin, daidai inda ya haɗu da giya, iska ta kwashe shi ta fesa a ƙarƙashin motar har baya. A guje take zubarwa, a kan titi, shi ya sa yashin gidana bai ga komai ba.

Da muka koma, Idi ya ce to ai magana ta fito, abin da ke tare mai a baya ne ya mutu, kuma ba a kai gare shi sai an sauke injin, in kuwa an sauke gara a buɗe gaba ɗaya a huta. Mainasara ya ce abin da ya mutu ba ya zaɓen lokaci. Da ya mutu, da ya ɗiga a tsaye ma, ko kaɗan ne. Wani abu ne ke tura man in ta yi gudu, kuma in an sa sabo ba a gano mai turawar ba, sabon ma zai bi sawu.

A nan ne aka sa masa suna. Malam Sansana. In ya wuce sai wani ya ɗaga hanci sama yana shaƙar iska, a fashe da dariya. Aka ce tsufa ya zo, ido ya tafi, hannu ya fara tsoron inji, shi ya sa ya koma wasa da toka kamar mai magani. Direbobin da suka shekara suna kawo masa mota suka fara zarcewa rumfar gaba. Na zo na same shi zaune shi kaɗai da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Tarin ma ya fara kama shi a lokacin. Bai yi mini ƙorafi ba. Tambayata ya yi ko man ya fi sauka in na ɗauko kaya.

Ni ɗan kasuwa ne, ba zan ɓoye ba. Galan na baƙin mai nake yawo da shi a but, ina tsayawa a hanya ina ƙarawa, kuma na san ranar da na manta, injin zai buga, a rasa duka. Na gaya masa gaskiya, na ce Malam, in sabuwar shinkafa ta fara shigowa ba mu gano ba, zan ba Idi ya buɗe, don lokacin ba ni da halin tsayawa. Ya ce na yi adalci. Mu duka mun san abin da hakan ke nufi. Ranar da aka ga 404 ɗina a rataye a rumfar Idi, maganar Mainasara ta ƙare a garejin Yelwa.

Ciwo ya kwantar da shi kafin mu sake fita. Ranar Talatar makon da ya rasu na je duba shi da la'asar. Dije ta jingina shi da bango, numfashi yana yi masa wuya, magana sai a gutsure. Na yi niyyar gaisuwa kawai. Ko amsa ta bai gama ba ya ce in ba shi labarin motar, komai da komai, har abin da nake ganin ba shi da amfani. Na yi ta faɗa. Can na ce, sai dai wani abin haushi, duk tafiya mai nisa in na buɗe gaban motar sai in tarar gejin ya ɗan ɗago daga raminsa, ina mai da shi, na ce ko bakinsa ne ya saki.

Ya buɗe ido sosai. "Mi ka ce? Shina ɗagowa da kanshi?"

Na ce ƙwarai.

"Tun yaushe?"

Na ce tun bayan damina.

"Kai, Mai Kifi! Wata nawa muna neman ɓarawo, ashe kullum shina ɗaga maka hannu kana mai da shi!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Dije ta shigo da ruwa tana harararmu. Da ya lafa ya ce, "Irin ciwona gare ta. Numfashi take so, ta rasa hanya."

Ya yi mini bayani a hankali, yana hutawa. Ya ce kowane inji, ko lafiyayye, yana tara iska a cikinsa na ƙasa inda baƙin mai yake kwance. Akwai ɗan lanƙwasasshen bututu a gefe da aka yi don iskar ta fita. In ya toshe, a tsaye ba a gane komai, amma in an yi gudu iskar ta taru sai ta nemi ƙofa. Ta ture geji sama, ta ture mai ta baya. Ya ce ya sa yatsa a bakin bututun tun farko ya ji shi sarai, amma yatsa ba ya kai wa lanƙwasa. Na miƙe na ce bari in je a cire shi yanzu. Ya riƙe mini hannun riga.

"Kada ka taɓa. Bari in tashi. Toshewa na sani, abin da ya toshe shi nika son gani."

Ban taɓa ba. Ranar Alhamis aka aiko mini.

Malam, ga abin da ka so gani. Bayan an yi addu'ar uku na tuka motar zuwa gareji da safe, lokacin da kowa yake nan. Na tsaya a gaban rumfarka, ba ta Idi ba. Na kira Idi na ce ya kawo sifana. Ya ɗauka na kawo ta a sauke, har ya fara kiran a jawo ƙugiya. Na ce a'a, wancan ɗan bututun kawai za ka cire mini, saƙon maigidanka ne. Ya dube ni, ya cire. Na ce hura. Ya sa baki ya hura har kumatunsa suka kumbura, ko kaɗan iska ba ta wuce ba. Ya zura waya, ta tafi rabi ta tsaya. Mutane suka fara matsowa. Ya buga bututun a kan ƙarfe, ya sake bugawa, sai ga wani dunƙulen jan laka ya faɗo, ya yi tauri kamar an gasa shi. Ya tsage biyu a ƙasa. Cikinsa 'yan ɗakuna ne a jere, a ɗaya har da busasshiyar tsutsa.

Gidan zanzaro ne, Malam. Lokacin da motar ta yi damina a rumfata ba ta motsi, ya sami rami mai duhu da ruwa ba ya shiga, ya yi ta kai laka yana gini a can cikin lanƙwasa. Da na koma gida na ɗaga kai, ga 'yan'uwansa nan jere a jikin azara, shekara da shekaru ina ganinsu ban taɓa kawo komai ba. Wahalar fetur guda ce ta haifi ciwon biyu. Ita ta zaunar da motar har zanzaro ya samu wuri, ita ta kai ni wurin jarkar Gideon.

Ba wanda ya yi dariya. Idi ya daɗe a tsugune yana juya lakar a hannunsa. Ya wanke bututun ya mai da shi, ya cika baƙin mai da kansa har kan layi, ya buɗe ƙofa ya zauna a gaba ba tare da na gayyace shi ba. Ya ce, "Mu tahi Wara, Alhaji. Ka taka ta." Na taka ta. Muka je muka dawo. A gareji ya buɗe gaba, gejin yana zaune a raminsa. Ya zaro ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya ɗaga sama kowa ya gani. Man yana kan layin da ya bar shi. Sai ya shiga rumfarka, ya matsar da fistin ɗin nan da ya huje, ya ajiye gidan zanzaron a kan katakonka tare da sauran. Da ya fito yana share fuska da hular aiki. Ya ce da ni, "Da na buɗe ta, da na canja komai, in mai da wanga bututu yadda yake, ta ci gaba da sha." Na ce na sani. Shi ma ya sani.

Har yau ba a buɗe injin ba. Sabuwar shinkafa ta shigo, motar tana kan hanya kullum, galan ɗin da ke but ban sake kwance murfinsa ba. Abu ɗaya ne ke cina. Duk wanda ya ga lakar nan ya yi mamaki, amma mutum ɗaya ne a duniya da zai ji daɗinta yadda ya kamata, zai ɗauke ta ya kai hanci, ya tambayi daga wane kududdufi aka ɗebo ta, kuma shi ne bai gani ba.

Allah ya jiƙan Malam Mainasara, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sanyaya masa makwanci. Yadda ya tsaya wa bayin Allah a gefen hanya ba don sun san shi ba, Allah ya tsaya masa ranar da ba mai tsayawa sai Shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Dije, wadda ta tankaɗe toka ba ta tambayi dalili ba, da 'yarsa Aminatu da 'yan'uwanta, da Idi da duk waɗanda suka koyi riƙon sifana a hannunsa, da masunta da masu casa da direbobi daga Shanga har Wara. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Saura magana ɗaya, kuma da ƙungiyar kanikawan Yelwa nake. Na ji an ba ku sabon fili a bakin hanya, kuna ta shawarar sunan da za a sa a ƙofa, wasu na kawo sunayen manya da ba su taɓa shiga ƙarƙashin mota ba. Ban saba roƙo ba, kuma wannan ma ba roƙo ba ne. A gabanku aka sa wa mutumin nan sunan banza, a gabanku kuma lakar ta faɗo. Allo da fenti suna wuyana, na riga na yi magana da mai rubutu. Ku ɗauki katakonsa da duk abin da ke kai ku kafa a sabon wurin, inda mai koyo zai gani. A saman ƙofa kuma, da manyan baƙaƙe waɗanda direba zai karanta ba sai ya rage gudu ba, a rubuta sunansa: Mainasara.

Alhaji Yakubu Mai Kifi,
Yelwan Yauri.